Na Uku Yana Hanya

Akwai wani sirrin Kamilu mai littattafai da na yi alkawarin ba zan faɗa ba. To amma kaina na yi wa alkawarin, kuma mun sasanta. Ku dai bari in fara da Hure.

A shekarar da taki ya gagari talaka ne, ranar kasuwar Zakirai. Kamilu yana cusa littattafan rumfarsa a buhu, sai ga Hure taubashiyarsa, 'yar kawunsa. Shekara goma sha tara tana zuwa neman abu ɗaya: littafi na uku na wani labari da ta karanta na ɗaya da na biyu, inda direban babbar mota ya tafi Kurmi, ba a san ko ya dawo ba.

"Lafiya lau, bawana," in ji Hure, ta zauna a benci. "Ina gajiya? Au, na manta, mai gadin takardu ba ya gajiya."

"Sannu uwar ɗakina. Yaya gero?"

"Yana nan kamar kasuwarka, a tsaye ba motsi. Na ukun ya iso?"

"Yana hanya daga Kano."

"Kamilu, ko hawainiya aka ɗora wa shi ai ya ci ya iso. Da goyo na fara jiran nan, yau goyon ita ma da goyo!"

"Ai ku biyu kuka rage min, ke da gara. Garar ma ta fi ki, ita takan gama littafi."

"Ina sauran masu karatun?"

"Jiya wani malamin makaranta ya tsaya, ya ɗaga littafi, ya juya shi, har gabana ya faɗi don murna. Ashe abin fifita yake nema."

Sai a lokacin idonta ya kai kan buhunan. "Waɗannan fa?"

"Mai tsire zai zo ya kwashe bayan la'asar. Rumfa ta koma ta cajin waya."

"Wato in ina son in ji labarin direbana, sai in yi ta cin tsire har in kai shafin ƙarshe? Da wane haƙorin?"

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Kamilu ya dube ta, ya sosa ƙeya.

"Ɗan tashi daga bencin nan."

Ya ɗaga gurguwar ƙafar bencin, ya zaro wani littafi da ya yi baƙi ƙirin, ya lotsa a tsakiya.

"Ga na uku."

"Innalillahi! Tun yaushe?"

"Tun makon da kika fara tambaya."

"Shekara sha tara ina zaune a kan direbana! Kai dai Allah ya isa, baƙin bawa!"

"In na ba ki, wa zai ƙara zuwa nan ya tambayi littafi? Da kin ce 'ya iso?', sai maƙwabta su ɗauka ciniki nake."

Hure ta fizge. Ta miƙa hannu nesa, ta dawo da shi har bakin hanci.

"Wa ya ƙanƙance rubutun nan?"

"Wanda ya kwashe miki haƙora."

"Kallon waya ne ya cinye min ido. Ungo, karanta min ƙarshen kawai."

Ya buɗe baya. Babu komai sai ƙasa da huji. "Abokiyar karatunki ta riga ki."

"To kai faɗa min. Ya dawo ko bai dawo ba?"

Ga sirrin nan fa, ku matso. Kamilu ya rage murya.

"Hure, shekara talatin ina sayar da littafi, ban taɓa wuce bango ba. Da na buɗe, sai barci."

Hure ta yi dariya har da riƙe ciki, har da share ido da gefen mayafi. Ta kwance ƙullin gyaɗa ta dangwara masa a hannu.

"Ka ci ni yau. Mayar da shi ƙarƙashin bencin, kar ka ba mai tsire. Kasuwa mai zuwa zan zo in tambaya."

"In ce miki me?"

"Ka ce yana hanya."

Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya, ta sa ƙafa ta zunguri buhun da ke bayan rumfa.

"Kamilu, wannan buhun naka numfashi yake yi. Fito, Ja'afaru, kunnenka ya leƙo tun ɗazu!" Ja'afarun kuwa ni ne, mai ba ku labarin nan, ina laɓe a bayan buhun.