Jajen Kangon Bature

Zamanin Turawa ni ne tafintan likitan shanu a Kankiya, wani Bature mutumin ƙasar Ayalan. A ganina duk ƙasar Katsina babu wanda ya san Bature kamar ni.

Wata rana na tarar ya ƙura wa wani hoto ido, har da ƙwalla. Dogon gini ne na dutse, tagoginsa kamar saƙa, amma babu rufi, ciyawa ta cinye cikinsa.

Me zan tambaya? Ai damina ce ta kayar da gidan ubansa!

Washegari na kwaso dattawan ƙauyenmu Mawashi, har da jakuna ɗauke da azara. Liman ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo jaje. Allah ya mayar da alheri."

Da na fassara, Bature ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe tsohon coci ne, shekaru aru-aru yana haka, daga nesa ake zuwa kallonsa. Kewar gida ce kawai.

Liman ya daɗe yana duban hoton, ya ce, "Kai, maginan nan sun iya! Tafinta ne bai iya ba."

Har yau ko akurkin kaji ya rushe, sai a dube ni a ce, "A kira Sarkin Jaje."