Ranar da na ga Na-Ruwa a wuri biyu

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanena Sani ba, ranar da na kusa kashe aure tun ba a ɗaura shi ba.

Ni aka naɗa wakilin ango, wai saboda tsantsenina. (Tsantseni suke cewa, ni kuwa na san tsoro ne. Ni ne mai sake alwala in na yi shakkar ko na shafi kunne.) Muka taso daga Bagudo a kan babura, muka wuce Lolo, har wani ƙauye da ke bakin iyakar Benin. Muna isa hadari ya haɗu, gari ya yi duhu da rana tsaka. Aka shigar da mu wani ɗaki mai taga ɗaya cike da mutane, aka ce mu jira ruwa ya ɗauke. Ba ka ganin fuskar kowa, sai hasken talabijin da janareta ke ja.

Shirin irin wanda ake tara mutane a gida ɗaya ne, ana ɗaukar hoton duk motsinsu, har cin abinci da faɗa. Can aka nuno wani dogon dattijo mai tabo a gira yana saƙar taru. Ya ɗago kai ya ce a da ana kiransa Na-Ruwa.

Duk wanda ya girma a yankinmu ya san sunan nan. Shi ke tare kwale-kwalen 'yan kasuwa a kogi, kuma ana cewa yana da layar zana, an sha ganinsa a Lolo da Kamba lokaci guda. Da shari'a ta zo aka kama shi, ya sha bulala, ya yi shekaru a gidan yari. Ban taɓa ganin fuskarsa ba sai ranar.

To a sanina, in ba fim ba ne, abin da ke cikin talabijin a lokacin yake faruwa, kamar ƙwallo. Na ɗauka mutumin yana can wani birni mai nisa, sai bakina ya buɗe. Na ce wannan ai koya wa yara fashi ne, ɓarawo ya zama abin kallo. Na ce mai hali ba ya barin halinsa, tubansa ya yi tsakaninsa da Allah, ba a akwati ba. Sani yana ta taka mini ƙafa, ni kuwa na ɗauka matsi ne.

Dattijon cikin talabijin ya yi wani busasshen tari. Sai na ji irin tarin nan sak a bayan wuyana.

"Ƙarasa, ɗana," in ji wata murya. "Ina jin ka."

Na waiga daidai lokacin da aka yi walƙiya. Tabon nan na gira. Na dubi akwati, yana ciki yana saƙa. Na sake waigawa, yana zaune yana kallona.

Ban san na tsallake mutane ba. Na tsinci kaina cikin ruwan sama babu takalmi, na faɗa rumfar mata masu girki, na laɓe bayan tukunyar shinkafa ina karanta Ayatul Kursiyyu (daga tsakiya na fara), ina rantsuwa ya fito daga akwati. Wata tsohuwa, gwaggon amarya, ta zungure ni da muciya ta ce faifai ne, tun bara aka ɗauka, don alfahari suka saka wa baƙi. Ta ce wanda na zaga Kawu Hamidu ne, waliyyin amarya.

Komawa ɗakin nan ya fi mini tsallaka kogi wuya. Sani ya sunkuyar da kai, samarin gidan suna cewa a fasa, mu hau baburanmu.

"Ku bar shi," in ji dattijon. "Abin da ya faɗi, rabin ɗakin nan sun faɗa a bayana. Shi dai bai san ni ke bayansa ba." Ya ce ya yarda a ɗauke shi ne don yaran da sunansa ke burgewa su ga abin da ya rage. Aure kuma za a ɗaura, amma da wannan wakilin, ba wani ba.

Na durƙusa gabansa, ya kama hannuna. Nasa sanyi ƙalau kamar kifin da aka fito da shi yanzu. Na nema wa Sani aure da muryar da ni kaina ban gane ba, ya ce ya ba shi, aka shafa fatiha. Bai sake ni ba. Ya matso kunnena ya ce, "Riƙe da kyau, ɗana, kar in ɓace."

Har yau in aka tambaye ni ko ya dace a nuna tubabbu a talabijin, nakan ce ina da ra'ayi. Amma sai an kunna fitila na dubi kowa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na jingina da bango.