Nomau da Kuɗin Fito

A wani ƙauye kusa da iyaka akwai wani mutum mai suna Nomau. Shi da matarsa Kyauta ne kaɗai a gida. Kyauta tela ce, ɗinkinta ke ci da su. Nomau ba ya ƙarya, ba ya faɗa, sai dai duk abin da aka gaya masa, yadda ya ji haka zai aikata.

Wata rana keken ɗinkin Kyauta ya mutu, ga salla ta gabato, ga kayan mutane jibge a ɗaki. Ta sayo sabo daga ƙetare, 'yan kwastan suka tsare shi a iyaka. Ƙafarta na ciwo, sai ta aiki Nomau. Ma'aikacin kwastan ya ce, "Sai ka biya kuɗin fito." Nomau ya dafe ƙirji. "Ranka ya daɗe, ban yi fito ba! Tun daga gida bakina a rufe yake." Da kyar aka fahimtar da shi harajin shigo da kaya ake nufi.

Wata rana ya koma da kuɗin. Ma'aikacin ya ce, "Ba ma karɓa a hannu, a asusu ake zubawa." Nomau ya tafi wurin masu tukwane, ya sayi asusun yumɓu, ya cusa kuɗin, ya kawo ya dire kan tebur. Ofis ya kaure da dariya. Da ya dawo, Kyauta ta fasa asusun, ta zuba masa tuwo, ta ce, "Ci, Malam. Banki suke nufi."

Wata rana yana hanyar banki, wani mai kaki ya tare shi a ƙofar kwastan, ya yi ƙasa da murya. "Bar wahalar banki. Ba ni na goro, yanzu in fito maka da keken." Nomau ya ga babban jami'i na wucewa, ya ɗaga murya: "Yallaɓai, wannan yaron naka ya ce goro zan ba shi maimakon banki. Fari yake ci ko ja?" Jami'in ya dubi mutumin, bai san shi ba. Ashe ɗan damfara ne da kakin aro. Nan take aka kama shi, aka raka Nomau banki, ya biya, aka ba shi keken.

Da yamma Kyauta na gwada keken, ta ga Nomau yana naɗe goro biyu cikin ganye, yana yayyafa musu ruwa.

"Na wane ne, Malam?"

"Na bawan Allahn nan ne. Ya roƙa, aka tafi da shi bai samu ba. Zan ajiye masa har ya fito."