Yadda Za Ka Kayar da Ƙanwarka 'Yar Boko a Kiwon Zomo

Idan kana da ƙanwa da ta karanto kimiyyar dabbobi ta dawo gida tana neman rumfar bayan gida don ta yi kiwon zomo, kai kuma kana so ka sa tattabarunka a ciki, ga hanya. Na ga an bi ta daki-daki a gidanmu da ke Gwadangaji, kuma ina tabbatar maka cikin sati takwas unguwa za ta san sunanka. Yayana Ja'afar ne ya ƙirƙiro ta. Ni ce ƙanwar.

1. Karɓi gasar da fara'a

Idan Baba ya gaji da gardamarku, ya raba muku 'ya'yan zomo da aka yaye, shida-shida, ya ce wanda nasa suka fi nauyi bayan sati takwas shi ke da rumfa, kada ka yi tambaya ko ɗaya. Ka yi dariya, ka ce, "Baba, tun yarinyar ga ba ta iya tafiya ba nike kiwo." Kada ka ambaci cewa tattabaru kake nufi.

2. Ba su dussar shinkafa zalla

Abokinka da ke injin casa a Argungu zai ba ka buhu kyauta. Za ta ce maka ƙashi da sinadari biyu ake gina shi, kalsiyam da fosfaras, kuma ana so kalsiyam ya kusa ninka ɗan'uwansa. Za ta ce dussa cike take da fosfaras amma kalsiyam ɗinta bai taka kara ya karya ba, don haka jikin zomo zai koma yana zarar na ƙashinsa. Jira ta gama, sannan ka ce, "Zomon daji wa ka auna mai?" A sani: mai ilimin gaske ba ya bayani, tambaya yake jefawa ya tafi majalisa.

3. Yi mata suna

Za ka ga tana sammako wurin masu shayi da bokiti tana tattara ɓawon ƙwai, wai a nan kalsiyam ɗin yake. Ta wanke, ta tafasa, ta shanya, ta daka har tafin hannunta ya yi kanta, ta auna da ƙaramin cokali ta gauraya da dussa da harawar gyaɗa. Kira ta Dakta Ɓawo. Tabbatar sunan ya kai bakin masu Keke Napep, yadda duk wanda ya wuce ta zai danna ham ya tambaye ta ko digirin tsintar shara ta yi. Za ta yi kuka sau ɗaya a bayan rumfa. Washegari za ta sake ɗaukar bokitin, amma wannan taurin kai ne kawai.

4. Idan ƙafafu sun fara lanƙwashewa, kawo kanwa

A sati na biyar za ka ga naka sun daina tsalle, biyu suna jan gindi. Kada ka tsorata. Ta ce farin abu suke buƙata, kanwa kuma fara ce, kakanninmu ma da ita suka yi kiwon shanu. Jiƙa musu da yawa. Idan ta ce kanwa ba kalsiyam ba ce, ka tuna mata shekara nawa ka girme ta. Biyun da za su mutu, ka ce baki ne.

5. Ranar awo, zargi sikeli

Baba zai aro sikeli wurin maƙwabci mai sayar da albasa. Kowane nata zai haura kilo ɗaya da rabi. Naka huɗun da suka rage, babu wanda zai cika kilo. Ka ce sikelin ya saba da albasa. Baba zai ɗaga ɗaya daga cikin naka, ya duba ƙafarsa, ya ce, "Ja'afar, wanga zomo ne ko kwaɗo?" Zai miƙa mata makullin rumfa ya ce, "Riskuwa, amshi. Ki yi haƙuri da mu."

6. Sanar da nasara

Fita majalisa ka ce kai ka bar mata, don babba ba ya jayayya da yara.

Sanarwa

Ba ni da alhakin duk zomon da ya gurgunce, ko tattabarun da suka koma kwana kan katanga, ko yayan da ya daina bin layin masu shayi. Ni matakai na rubuta, kai ka zaɓi bi. Guragun nan huɗu yanzu suna rumfata, biyu sun fara tsalle. Ba na sayarwa ba ne, ko ga mai su na da.

Riskuwa Maliki, Gwadangaji