Gwaggo Ta Hau Benci

"Wai da gaske ne bai taɓa wanke ta ba?"

"Wanki kuma? A ina ka ga ana wanke tarihi?"

"To ni dai ranar da ya gifta ta gabana a bakin fili, sai da idona ya kawo ruwa."

"Ƙauna ce."

"A'a, wari ne."

"Rage murya, kada aska ta zame. Mutumin da ya tsamo mu daga gasar 'yan dagaji har ake nuna mu a talabijin, ai ko me ya sa a jikinsa turare ne."

A shagon aski ake wannan hira, kuma ba sai an faɗi wanda ake nufi ba. Mutum ɗaya ne a garin nan yake yawo da baƙar kwat mai kaurin bargo, doguwa har gwiwa, a ranar da kwalta ke narkewa. Koci Farfesa ke nan, mai horar da ƙungiyar ƙwallon gari. Hasken benci, ginshiƙin bakin layi. Mutumin da ƙwallo kanta in ta hango shi sai ta gyara gudu.

A ba kowa haƙƙinsa, Farfesa bai faɗo daga sama ba. Ɗan wasa ne a ƙuruciyarsa. Sa'anninsa gaggawa ta yi ta kai su cikin fili suna gudu suna karya ƙafa, shi kuwa ya zauna a benci kakar wasa bayan kakar wasa yana nazari. Sau ɗaya aka taɓa sako shi, ya kuma taɓa ƙwallo, da hannu. "Wanda ke cikin kogi ba ya ganin kogi," in ji shi duk lokacin da aka tuna masa. "Ni daga gaɓa na karanci ruwa."

Da ƙafa ta yi ritaya ba tare da ta gaji ba, ƙungiya ta tura shi wani ɗan gajeren kwas a wata ƙasa mai sanyi. Ya dawo da abu uku: takardar shaida, da wata gyaran murya da yake yi kafin kowace magana kamar ana tayar da janareto, da kuma kwat. A can ya lura cewa duk wani babban koci da ke tsaye a bakin layi doguwar kwat ce a jikinsa. Da yake Allah ya hore masa kaifin basira, nan take ya gano inda sirrin yake. Babu wanda ya gaya masa sanyi suke ji.

Daga nan nasara ta ƙi sakin rigarsa. Ƙungiya ta hau babbar gasa. Ta ɗauki kofin yanki. Ta doke manyan ƙungiyoyin da a da ko motarsu ba a yarda mu tsaya kusa da ita ba. Mahassada suna cewa sa'a ya yi, ya tarar da samari masu gudun barewa da gola mai hannun danƙo. Hassada ga mai rabo taki ce. Samari ai ko'ina akwai su. Ina garin da ke da mutumin da zai iya cewa "ku hau, ku sauka, ku tsaya inda kuke" a numfashi ɗaya, kuma da muryar da ake ji har tashar mota?

Dabararsa kuwa suna gare ta, Tsarin Kunama. Da marafan kwalba yake bayaninta a kan tebur a ɗakin canza kaya. "Kai yana baya, wutsiya tana gaba, harbi daga inda ba a zata ba. Wanda bai gane ba ya ɗaga hannu." Ba a taɓa ɗaga hannu ba, domin wanda ya ɗaga zai sake jin bayanin daga farko. A hutun rabin lokaci jawabi yake yi har sai alƙalin wasa ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa, yara su koma fili da robar ruwa a hannu ba su kurɓa ba. Doka ɗaya ce ba ya sassauta wa: duk wanda ya ci ƙwallo, ya rugo ya rungumi koci. Wanda ya manta ya tafi wajen 'yan kallo, to an canza shi ke nan, ko da shi kaɗai ke cin ƙwallo a garin. Tarbiyya ta fi ƙwallo.

Magoya baya ne suka raɗa wa kwat ɗin suna Gwaggo, saboda ta tsufa, tana da nauyi, tana ƙanshin ƙasan akwati, kuma ba a yi mata musu. A gida ƙusa guda gare ta a falo, tsakanin hoton aure da takardar shaida, fanka tana kallonta ita kaɗai. Wata rana matarsa ta tsaya a gabanta da bokiti.

"Baban yara, ko shanya ce a bari in yi mata. Baƙi sun fara zama a waje."

Ya tayar da janareto. "Maman yara, wannan gumin da kike gani, na wasan da muka hau babbar gasa ne. Wannan tabon na kafaɗa, hawayen kyaftin ne ranar kofi. So kike ki zuba nasarorin gari a kwata?"

Ta ajiye bokiti, ta buɗe taga.

To, ana nan, kaka ta doshi ƙarshe, kwantiragin Farfesa ma ya doshi ƙarshe tare da ita. Ciyaman na ƙungiya, wani mutum mai sanyin murya kamar mai lallashin majinyaci, bai ce uffan a kan sabuntawa ba. Ya gaji ne, ko jira yake, ba a sani ba. Farfesa dai ya ga ya kamata a tuna wa mutane da wa suke zaune. Bayan wani wasa da aka ci, ɗan jaridar gidan rediyo ya miƙa masa makirufo, ya tambaye shi ina ƙungiya za ta sa kanta in ya tafi.

"Ɗan jarida, matso da abin nan kusa. Ilimin da ke cikin kaina ya cika ya tumbatsa, har ya tsiyaye cikin tufafina. Kwat ɗin nan da kake gani, in na rataye ta a kujera na tafi gida na kwanta, ta fi duk wani koci da ka taɓa yi wa tambaya. Ka sa wannan a labaran yamma, kada ka yanke."

Bai yanke ba. Har maimaitawa aka yi da safe. Baki shi ke yanka wuya.

A wasa na gaba alƙali ya hura satar gida. Farfesa, da yake mutum ne mai son yaɗa ilimi, ya taka har tsakiyar fili don ya koya masa dokar. Da ya ga ɗalibin ba ya ɗauka da baki, sai ya karɓi usur ɗin daga wuyansa don ya nuna masa a aikace. Jan kati ya tashi sama. Hukumar gasa ta haramta masa zama a benci duk sauran wasannin kaka, har da wasan ƙarshe na kofi.

Wani zai yi baƙin ciki. Farfesa murmushi ya yi. Abin nema ya samu. Za a buga ba shi, za a sha kashi, Ciyaman zai zo har gida da takardar kwantiragi da biro a buɗe. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: kujerarsa. Akwai mataimakinsa, wani dattijo mai furfura da yake kira Ɗalibi, wanda tsoron Farfesa ya sa ko tari sai ya nemi izini. Ranar wasa, kafin jami'ai su fitar da shi, Farfesa ya tuɓe kwat ya lulluɓa wa kujerar, ya gyara mata kafaɗu.

"Ɗalibi, kujerar nan ta fi ƙarfin ƙugunka. Ka zauna a gefe, kada ka tashi, kada ka yi magana. Duk abin da ya faru, ba laifinka ba ne."

Ya zagaya ƙofar 'yan kallo da 'yar shat a jikinsa. Nan aka gane cewa rabin Farfesa kafaɗar kwat ce.

"Malam, tikiti," in ji mai tsaron ƙofa.

"Ka san da wa kake magana?"

"Da wanda ba shi da tikiti."

"Ni ne Farfesa."

Mai ƙofa ya dube shi sama da ƙasa. "Farfesa ƙato ne, bawan Allah. Kai in iska ta taso sai an riƙe ka. Matsa, mutane na jira."

Haka gwarzon gari ya bi layi, ya zauna can sama tsakanin mai sayar da gyaɗa da wani tsoho mai rediyo a kunne, ya harɗe hannu yana jiran bala'i ya sauka.

Aka hura usur. Sai wani baƙon abu ya sauka a filin: shiru. Yara suka yi ta waiwayen benci suna jiran a ce su hau su sauka. Gwaggo ba ta ce komai ba. Ɗalibi ma haka, umarni yake bi. Can kyaftin ya ji wani ya ce "ba ni nan", ya waiga, ashe ɗan wasan gefen hagu ne. Kaka nawa suna tare, bai san yaron na da murya ba. Ya ba shi. Yaro ya zura ƙwallo a raga, ya rugo benci kamar yadda aka yi masa tarbiyya, ya tarar babu kowa sai kwat. Tsoron canji ya sa ya rungume ta.

Fili ya ɗauka: "Gwaggo, Gwaggo." A hutun rabin lokaci yara suka sha ruwa har suka ƙoshi, wani ma ya ɗan kishingiɗa. Suka dawo suka ƙara biyu.

Tsohon mai rediyo ya zunguri Farfesa. "Malam, ka ga koci ko? Ba surutu, ba canjin banza. Ai mutumin nan ya faɗi gaskiya a rediyo, mu ne ba mu ɗauka ba."

"Tsarin Kunama ne kake gani," in ji Farfesa, murya ta ƙi tashi.

"Kunama ko kiyashi, a dai bar mana ita a nan."

Hoton rungumar ya shiga kowace waya a gari. Wasa na gaba aka ci. Na bayansa aka ci. Farfesa yana zuwa da kansa ya ajiye kwat ya kuma ɗauke ta bayan an tashi, domin har yanzu ya fi tsoron Ɗalibi ya ɗana kujerar fiye da komai. Masu adaidaita suka fara rubuta sunan Gwaggo a bayan kekunansu. Gola ya ce shi tun da ya fara ƙwallo bai taɓa samun mai horarwa da ta fahimce shi kamarta ba. Ranar wasan ƙarshe aka ɗauki kofi, yara suka rataya wa kwat lambar zinare, suka ɗaga ta da kujerarta suka zagaya fili. Daga can sama wani siririn mutum yana ɗaga hannu yana amsa gaisuwar da ba shi ake yi wa ba.

Ƙaramin mutum zai ga wannan ya sha jinin jikinsa. Amma girman kai rawani ne da ba ya barin mai shi ya ga ƙasa. "In rigata ta yi haka," ya ce wa matarsa yana tsaye gaban madubi, "ina ga ni?" Ya gwada tafiyar da zai yi in Ciyaman ya yi gardama: tashi a hankali, juya baya, taku mai nauyi zuwa ƙofa, hannu a kan mariƙi. A nan ake kiran manya su dawo. Ya gwada har da yadda zai waiwayo, rabin fuska kawai.

Washegari da hantsi ya shiga ofishin Ciyaman, kwat a jiki, lambar zinare tana lilo a ƙirji. Bai jira an ce ya zauna ba. Ya ajiye wayarsa a tebur.

"Ranka ya daɗe, gani ya kori ji. Na ci kofi ina benci, na ci kofi ba na benci, abin da tarihi bai taɓa gani ba. Sharuɗɗana kaɗan ne. A daina kirana koci, a ce Babban Daraktan Tunani. A ba ni ofis mai taga biyu. A kafa gunkina a bakin ƙofar da aka tambaye ni tikiti. In ba haka ba, manyan ƙungiyoyi sun hana wayata barci. Yau ɗin nan sai in tafi."

Su biyun suka dubi wayar. Barcinta take yi.

Ciyaman ya ɗan matsa kujerarsa kusa da taga, ya yi magana da muryar nan tasa ta asibiti. "Farfesa, mutum irinka ai ba a tare masa hanya. Zalunci ne ƙaramin gari ya riƙe abin da duniya ke nema. Mun yafe ka, Allah ya ba da sa'a."

Maganar ba ta cikin abin da aka gwada gaban madubi, amma tafiyar tana ciki. Farfesa ya tashi a hankali. Ya juya baya. Ya taka zuwa ƙofa, kowane taku da nauyinsa. Ya ɗora hannu a mariƙi, ya ɗan jinkirta kamar mai neman inda ake murɗawa.

"Farfesa."

Murmushi ya suɓuce masa. Ya waiwayo, rabin fuska kawai.

"Don Allah, kafin ka fita, rataye mana Gwaggo a ƙusar nan."