Rasuwar Hamra, Motar da Baba Lado Bai Hau Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Ustaz Abdulgaffar Lado, malamin firamare a unguwar Aziziyya ta Jidda, suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar motarsu Hamra, tana da shekara hamsin da biyar.

Marigayiyar 'yar Amurka ce, ja wur, mai farin rufin tamfol da ke naɗe kansa in an danna maɓalli. Injinta silinda takwas, giyarta huɗu ta hannu, da hanci biyu a kan bonet na shaƙar iska. Lambar injinta ta yi daidai da ta jikinta, kuma takardar da kamfani ya cusa a ƙarƙashin kujerar baya tana nan har ranar ƙarshe. In aka tashe ta, takan ce bub-bub-bub a hankali, kamar dattijuwa na gyaran murya.

Mahaifin Ustaz, marigayi Baba Lado, shi ne mai wanke ta a unguwar Hindawiyya tun tana sabuwa a hannun wani attajiri. Shekara bakwai yana goge ta, bai taɓa zama a cikinta ba. Da Ustaz ya tsince ta a tashalih, wato makabartar motoci, sai ya yi wa tsohon alkawarin zai kai shi bakin teku a cikinta, rufi a buɗe.

Shekara tara ana gyara. Ustaz mutum ne mai tsari, ba ya karɓar ko ƙusa sai ta asali. Mota ta tashi, saura murfin maɓallin rediyo kawai, aka shiga nema.

"Abdul, yalla, mu tafi mana, ko nan Bab Makka cikin gari ne," in ji Baba Lado. "Ni rediyo zan hau?"

"Saura kaɗan, Baba."

Baba ya rasu a Ramadan. Maɓallin ya iso bayan sallah.

Ciwon ajalinta gajere ne. Kamar kowane ɗan Jidda, rana da gishirin teku Ustaz yake tsoro, ruwan sama bai taɓa zuwa masa a rai ba. Don haka ya ajiye ta a garejin ƙarƙashin bene, ya lulluɓe. Ranar Alhamis aka yi ruwan awa uku, gareji ya cika har silin. Ta kwana biyu a ciki. Makanike Ra'id ya duba, ya rufe bonet, ya ce, "Halas, ya Ustaz. Sai haƙuri."

Ta rasu ta bar mukullai biyu, da tayar safaya wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba, da maɓallin rediyo a cikin ledarsa, da matar Ustaz, Hajiya Mastura, wadda ta daina tambayar yaushe za a hau tun shekara ta huɗu, da 'yarsu Ruba 'yar shekara tara.

Za a ɗauke ta ranar Asabar bayan la'asar, a bayan motar janwe, daga ƙofar gida zuwa tashalih. Za a bi ta bakin teku, rufi a buɗe. Ana karɓar gaisuwa a gida, akwai gahawa da dabino. Ana roƙon masu zuwa kada su ce ai ƙarfe ne kawai, Ustaz ya sani.

Ruba ta roƙi a ɗora hular kakanta a kujerar gaba, an kuma yarda. Ta gane cewa kakanta iska kawai ya so ya sha tare da ɗansa.