Mai Ƙirga Takalma a Gidan Ɗori

A garinmu akwai gidan ɗori na wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, kowa da ɗakinsa, kowa da layinsa. Mai raba musu majinyata wani tsoho ne, Baba Nomau, da ke zama kan buzu a zaure. Baba Nomau ba ya leƙa ɗaki, wai gwiwa ta hana shi. Daga inda yake zaune yana hango bakin ƙofofin biyu, sai ya ƙirga takalman da aka tuɓe, inda ba su da yawa can zai tura ka. Shekara da shekaru haka yake aikinsa, kuma kar ka kuskura ka ce za ka yi masa gyara.

Ran nan da hantsi sai ga Alhaji Mantau mai tumatir, ya rungumo hannu kamar jariri. Wajen lodi ya zamo daga kan mota, wuyan hannu ya goce. Motar kuwa da azahar za ta tashi zuwa Kudu, kuma direban ya rantse ko ubansa ba zai jira ba. In ta tafi babu Alhaji, dillalai ne za su yi wa kayansa kuɗi yadda suka ga dama.

Ya ce, “Baba, don girman Allah, ina ne ba layi?”

Baba Nomau ya kanne ido ya duba. Ƙofar wa takalma jibge kamar masallacin Juma'a, ta ƙane kuwa 'yan silifa ne ba su taka kara sun karya ba.

Ya ce, “Wajen ƙarami. Kafin ka zauna an kira ka.”

Alhaji ya tuɓe takalmi ya ɗaga labule. Innalillahi! Ɗaki maƙil, mutane kwance a jere kamar buhunan masara. Ashe duk masu karayar ƙafa ne, waɗanda ake cicciɓowa a shigo da su, masu rakiya su dire su su fice da takalmansu. Mai karaya bai bar komai a ƙofa ba, don haka tun safe Baba Nomau nan yake ta antayo su.

Alhaji ya yi kamar ya juya, sai ya ce a ransa, in ɗaki mai 'yan silifa haka yake, ina ga wancan? Ya samu lungu ya raɓe, yana cizon leɓe yana duba agogo. Yana ji aka kira azahar, layi bai zo kansa ba. Sai bayan la'asar ya fito da hannu a ɗaure, mota ta daɗe da cin hanya. Ya duba bakin ƙofa, takalmansa ma babu.

Ya tsaya kan tsohon yana huci.

“Baba, ka cuce ni! Ka tura ni ɗakin da ya fi kasuwa cika, mota ta tafi, yanzu kuma ina takalmana?”

Baba Nomau ya nuna ƙofar wa da haɓa. Ga su can su kaɗai, a jere tsaf.

“Da na ga layin can ya ƙare, ni da ciwon gwiwata na tashi na mayar maka da su.”

“Ka mayar da takalma, ni ka bar ni a ciki?”

Baba Nomau ya gyara zama kan buzunsa.

“Alhaji, ni dai na yi aikina. Tun kafin azahar layi ya zo kan takalmanka, kai ne ba ka biyo su ba.”